Shekarar da Ruwa Ya Tafi da Marka

Na san abin da ake faɗa a kaina, ni ba kurma ba ne. Matan da suka zo zaman makoki sun koma gidajensu, daga nan Mayahi har Gidan Amumune, da labari guda: wai bakin Mushe Idi ne ya kama jikarsa. Wai tsoho da furfurarsa, tsohon mushe, malamin lakwal ta boko kuma, ya zauna gaban yara ya yi wa yarinya marar lafiya mugun fata, uwarta ta roƙe shi ya janye ya ƙi. Na yi shiru shekara da shekaru saboda wani alkawari da na ɗauka. Yanzu ƙafafuna sun kumbura, numfashi yana yi mini gardama ko masallaci zan taka, na kuma ga in ban faɗa ba da ni za a binne maganar. Ku ɗiyana duka ku karanta, amma da ke nake, Rabi.

Barira ɗiyar fari ce ga Rabi. Ranar da aka yaye ta aka kawo mana ita daga Gidan Amumune, kamar yadda aka saba, ta tashi a ɗakin Innarku. Ni take ce wa Kaka, Innarku Inna, uwar da ta haife ta kuwa Yaya take ce mata, don haka ta ji ƙannen Rabi suna faɗa. Kunyar ɗan fari kowa ya san ta, amma irin ta Rabi ban taɓa gani ba. Ba ta kama sunan yarinyar, ba ta kallon inda take in muna wurin. In ta kawo tsaraba, sai ta miƙa wa Innarku ta ce a ba yaran gidan, alhali yaran gidan guda ɗaya ce tal. Mata suna yabonta, suna cewa Mushe ya iya tarbiyya. Ni ma kaina har kumbura yake in na ji, ba zan yi muku ƙarya ba.

Barira da amosanin jini ta zo duniya. In ciwon ya tashi, ƙasusuwanta kamar ana daka su a turmi, tana kuka har murya ta dishe. Damina ce babbar abokiyar gabarta, da lokacin ɗari. In hadari ya haɗu, yaran unguwa suna tuɓe riguna suna jiran wankan ruwan sama, ita kuwa a naɗe ta cikin bargo a kai ta ƙuryar ɗaki. Lakwal ma rabi da rabi ta yi ta. Wayo kuwa, Allah ya ba ta har ya yi mata yawa. Tana ƴar shekara tara sai ta titsiye ni da tambaya, ni da na kwashe rayuwata ina titsiye ɗiyan mutane.

Wasan da ya jawo duk wannan magana, ɗana Lawali ne ya kawo shi. Ya zo hutu daga Yamai, yana ba ni labarin yadda shi da abokan karatunsa suke kewaye tebur, mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya zama wani a cikin labarin, ya faɗi abin da zai yi, a jefa ɗan ludo a ga ko ya dace ko bai dace ba. Ya nuna mini hotuna a wayarsa. Kai! Takubba, ƙoƙunan kawunan mutane, matattu suna tafiya da ƙafafunsu. Na ce masa wannan kam ba zai shigo mini gida ba. Amma Barira tana kwance kan tabarma tana saurare, sai ta ɗago kai.

"Kawu, wanda ba ya iya gudu, a cikin wasan yana iyawa?"

"Har tashi sama yana yi in yana so," in ji Lawali.

"To ni ina so."

Shi ke nan fa. Na ciro tsohon ƙyauren garken awaki, na ɗora shi bisa turmi biyu ƙarƙashin itacen bedin tsakar gida, ga tebur ya samu. Na zana gari da alli, da rijiya, da daji, da gulbi ya ratsa tsakiya. Kowane yaro ya nemo abin da zai tsaya masa: wannan marfin kwalba, wancan ƙwallon dabino. Na kafa dokoki irin na tsohon mushe. Ba jini, ba yanka. Ba kiran sunan mutanen ɓoye, wannan dokar Innarku ce, ta ce in ta ji za ta kifar da ƙyauren. Dodo in ya fito, da dabara ake cin sa ko da kyauta, ba da makami ba. In ɗan ludo ya faɗi da ƙaramin ɗigo, takalminka ya tsinke ne, ko jakinka ya ƙwace, ko ka faɗa cikin taɓo a yi maka dariya. Ba a sa ko ƙwayar gyaɗa, don kada wani ya ce caca nake koya wa ɗiyan mutane. Liman da kansa ya zo ya tsaya ya gani, ya tafi yana murmushi. Bayan la'asar ake farawa, kafin kiran magariba a watse. Babbar dokar kuwa, wadda na fi riƙewa: a wasana ba a mutuwa. Kowa ya fita zai dawo gida.

Barira ta ɗauki ƙwallon goriba, ta goge shi da man gyaɗa har yana sheƙi. Na tambaye ta sunansa.

"Marka."

"Ke da marka ke kayar da ke kowace shekara, sunanta za ki sa masa?"

"Shi ya sa. Marka cikin ruwa take yawo, ba ta jin komi. Tana da jaka, macen jaki, mai jariri, tana kai mutane inda za su."

Ban taɓa ganin yarinyar nan da rai kamar a watannin nan ba. Marka ta nemo raƙumin da ya ɓace da gishirin gari. Marka ta sasanta manoma da wani dodo mai satar kabewa, ashe haƙori ke yi masa ciwo, abu mai laushi yake nema. Yaran unguwa da a da ba sa leƙo ta, sai ga su suna cika mini gida, suna rigimar wa zai zauna kusa da ita. Matata nake ce mata, irin wasan kaka da jika, ita kuwa ta ce ba ta auren tsoho mai rowar labari. In ciwo ya ɗan motsa, sai a jingina ta da filo, wani ya jefa mata ɗan ludo, bakinta dai ba ya mutuwa.

Da damina ta yi tsakiya, ciwon ya yi mata kamun da bai taɓa yi ba. Muka kwana da kwanaki a likita, ana ƙara mata jini. Aka aika Gidan Amumune, mijin Rabi ya ɗauko ta a babur, ya bar ta ya koma gona. Rabi ta zo ta zauna a baranda, bakin ƙofar ɗakin da yarinyar take. Ita ke wanke zannuwa, ita ke dama fura, amma sai ta miƙa wa Innarku ta shiga da ita. Na fito na ce mata ta shiga mana, sai ta sunkuyar da kai ta ce ai Inna na ciki. Da na koma, Barira ta jawo hannun rigata.

"Kaka, Yaya na waje?"

"Tana waje."

"Ita ba ta sona ne?"

"Subhanallahi! Wa ya hwaɗa miki haka? Kunya ce, ke ce ta fari."

"Kullum haka kuke cewa. Ni ban taɓa ji daga bakinta ba."

Maganar nan ta soke ni, ta kuma ƙi fita.

Da aka sallame mu, Rabi ta tsaya ƴan kwanaki don ta taya Innarku aiki. A nan na yi dabara. Na ƙara wa garin alli ƙofa a bakin gulbi, na ce daga yau ba mai fita ba mai shiga sai mai tsaron ƙofa ta kira shi da sunansa, kuma duk yaran matafiya ne, ba mai tsaro. Rabi tana gefe tana tankaɗe. Yara suka yi mata caa, Yaya ki zo, Yaya ki zo. Ta ce ita ta girmi wannan shiririta. Na ce, to ni da nake yi fa? Ba yadda za ta yi, ta matso da rariyarta a hannu, ta zauna a bakin tabarma. Ta kira marfin kwalba ya wuce. Ta kira ƙwallon dabino ya wuce. Aka zo kan ƙwallon goriba. Ta saci kallon wajena, na kau da kai kamar ina neman alli. Wannan ai ba sunan ɗiyarta ba ne, sunan wasa ne, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya.

"Marka," in ji ta a hankali, "wuce."

Barira ba ta motsa ƙwallon ba.

"Ban ji ba, mai ƙohwa."

"Marka, na ce ki wuce, kina tare wa mutane hanya."

Ranar nan Marka ta fita gari ta dawo ya fi a ƙirga. Ta manta gora, ta manta igiya, ta manta ba ta ba jaka ruwa ba. Yara suna ta ƙorafi, ni kuwa na ƙyale ta, don na san abin da take tarawa.

Na ɗauka na gama aiki. Ashe ban san Barira ba. Washegari da hantsi ina gyaran zanen da raɓa ta ɓata, ta lallaɓo ta zauna kusa da ni.

"Kaka, yau ka bari ruwa ya tahi da Marka."

"Ke, rufe mini baki! A wasana ba a mutuwa."

"Shi ya sa wasanka ƙarya ne. Yarinyar da ke gadon kusa da nawa a likita, ina take? Kun ce an sallame ta. Na ga uwarta ta hita da tabarma naɗe, tana kuka har tana hwaɗuwa."

Na ci gaba da jan alli bisa ƙyauren.

"Ni in na mutu, Yaya ba za ta yi kuka ba, ko? Za a ce kunya. Ko ta yi, ba ni nan balle in ji. Ina so in ga abin da za ta yi tun ina nan."

Na yi mata faɗa, na ce wannan ba maganar yara ba ce, rai na hannun Allah. Ta ce ta sani, ai ba ita za ta mutu ba, Marka ce, kuma ba mutuwar gaske ba. Ta ma riga ta tsara komai: ruwa zai tafi da Marka, gobe kuma mai tsaron ƙofa ta tsaya bakin gulbi ta yi ta kiran sunanta har ta fito. Duk wanda ruwa ya ɗauka, in an kira shi da gaske, zai dawo. Na ce a'a. Ta ajiye ƙwallon goriba a tafin hannuna ta ce to ta bar wasan, ta juya fuska ga bango, ta ƙi fura, ta ƙi magani. Na zauna a zaure har azahar ina juya abin. Na san mutanenmu, na san yadda ake tsoron baki, balle bakin tsoho, balle a kan marar lafiya. Na san kuma abin da manjo, babban ma'aikacin likita, ya faɗa mini a keɓe ranar sallama, cewa jikinta ba zai ƙara jure irin wannan kamu ba, wanda ko Innarku ban gaya wa ba. Dokar nan don in kare yara na kafa ta. Yarinyar da na fi son karewa kuwa ta riga ta ga abin da nake ɓoyewa, abin da take nema daban ne. Na koma na mayar mata da ƙwallonta.

Bayan la'asar aka zauna. Na ce gulbi ya kawo ruwa, irin wanda tsofaffi suke ba da labari, matafiya suna wancan ƙetare. Marka ta ɗauko su ɗaya bayan ɗaya a bayanta, mai tsaron ƙofa tana kiran suna suna shigewa. Saura jaririn jaka. Barira ta ce Marka za ta koma. Ta jefa ɗan ludo da kanta, ya yi birgima ya tsaya a ɗigo ɗaya. Yara suka fara dariya, suna jira in ce ta faɗa taɓo ko zanenta ya maƙale a ƙaya. Barira ta kafe ni da ido.

"Marka ta tura jaririn jaka ya kai gaɓa," na ce. "Ita kuwa ruwa ya tahi da ita."

Rabi ta ajiye rariya. Tun da na haife ta ba ta taɓa ɗaga kai ta dube ni ido cikin ido ba sai ranar.

"Baba, ka janye maganar nan."

"Wasa ne, Rabi. Gobe za a ci gaba."

"Don Allah, don Annabi, Baba, ka janye. Ka ce ta kama reshe. Ka ce komi."

Wallahi bakina ya buɗe zan janye. Sai na ji yatsun Barira sun damƙe gwiwata ta ƙarƙashin ƙyauren. Na ce yau an tashi. Rabi ta miƙe, ta bi ta bayan ɗakuna wajen rumbu. Innarku ta kori yaran, ta juyo kaina da masifa, ta ce tsufa ya fara taɓa mini hankali. Na ɗauki Barira na kai ta ɗaki, don iska ta fara sanyi.

Rabi, kin san ɗakin nan, kin san ƴar tagar da ke bayansa, wadda muke toshewa da tsumma. Rumbu yana jikinta. Ke ba ki lura ba, tsumman ya faɗi tun da safe. Ina kwantar da ita muka ji ki. Kin toshe baki da zane, amma muna ji. Kuka kike irin wanda ban taɓa sanin yana cikinki ba, kina cewa Marka, Markata, ki fito, ɗiyata ki fito, in kin tafi ina zan sa kaina. Kika yi ta faɗa, kina roƙon Allah ya ɗauke ki ya bar ta. Daga baya ma kika bar Marka, kika kama sunanta na gaskiya. Ni na sunkuyar da kai, hawaye yana zuba a gemuna. Ita kuwa tana kwance, idonta a rufe, fuskarta kamar an ba ta duniya. Ba ta motsa ba har kika yi shiru. Sannan ta buɗe ido ta yi mini raɗa.

"Ka ji, Kaka?"

"Na ji."

"Ba sai an yi na gobe ba. Ta riga ta kira. Marka ta hito."

Can kuma ta ce, "Kada ka hwaɗa mata na ji. Kunya za ta kashe ta. Ka rantse."

Na rantse mata.

Da gari ya waye kin riga kin nemi ɗan kabu-kabu. Kika durƙusa daga nesa kika ce kin tafi, ba ki jira na sa miki albarka ba. Innarku ta sa aka mayar da ƙyauren garken awaki, da zanen allin a jikinsa, ruwan sama ya wanke shi. Barira ba ta sake neman wasan ba, ta ce labarin ya ƙare. Abin da zan shaida gaban Allah shi ne, watannin da suka rage mata ba ta ƙara tambayata ko kina sonta ba. In kin aiko da tsarabar yaran gida, sai ta rungume ƙullin ta yi dariya ta ce, Kaka, mai ƙohwa ta aiko.

Bayan an gama kai hatsi rumbu, ɗari ya shigo, ciwon ya dawo. Daga nan aka tura mu Tasawa, can Allah ya karɓi abinsa, da rana tsaka, kanta a cinyar Innarku. Kika zo zaman makoki kika zauna cikin mata, idonki a bushe, aka yi ta yaba haƙurinki. A wannan zaman ne maganar bakina ta tashi, daga yaran da suka kai labari gidajensu. Ba ki ce ni ne ba, ba ki kuma ce ba ni ba ne. Tun daga lokacin kike gaishe ni kamar baƙon da aka haɗu da shi a tasha. Ƙannen Barira ba su taɓa kwana gidana ba, in sun zo gaisuwa kina riƙe da hannunsu har ku fita. Innarku ta rasu tana ganin na yi wauta, ban warware mata ba. Abin ya yi mini ciwo, ya kuma ci ni, ba zan ɓoye ba. Akwai ranakun da na ji haushin yarinyar nan da ta ɗaure ni da rantsuwa ta tafi ta bar ni.

Da na yi niyyar in tafi da sirrin nan kabari. Lawali ne ya zo kwanan baya ya ce ya biya ta wurinki, hira ta kai ku ga Barira, kika ce masa ba mutuwarta ke hana ki barci ba, kowa zai mutu. Abin da ke cin ki, ta tafi ba ta taɓa jin kin ce mata ɗiyata ba. Da na ji haka na tashi na je wurin liman na tambaye shi kaffarar rantsuwa, na kuma yi ta. Don kada ki ji kunya Barira ta sa ni yin shiru, ba don ki ɗauki wannan kaya har tsufanki ba. Na tabbata da ta san haka zai zama, da ita da kanta za ta kwance ni.

Ban rubuta wannan don ki ce na yi daidai ba, ban kuma ce ki dawo mini kamar da ba. Ajali ne ya ɗauke ta, bakina bai kai nan ba, amma in kin ga dama ki ci gaba da jin haushina, na saba. Ƙwallon goribar yana cikin aljihun tsohuwar rigata ta sallah, na gaya wa Lawali naki ne. Abu guda kawai nake so ki sani kafin a kai ni inda aka kai ta. Ranar nan a bayan rumbu, tagar a buɗe take. Ta ji ki, Rabi. Duk ta ji.